Fedar birki ta yi tauri kamar dutsi? Ga yadda za ka bi ta kahin ka sayi sarbo

Satin da ya wuce wani Alhaji ya kawo min Corolla ɗinshi nan garaji a Tawa, tun daga bakin ƙofa shina faɗa, wai sau biyu ana canza mishi man birki, an yi purje, wato hidda iska daga cikin man, har sarbo, abin da ke ƙara ma ƙafa ƙarhi in an taka birki, na okaziyo anka aiko mishi daga Yamai anka ɗaura, amma har yanzu in ya taka birki kamar ya taka dutsi. Na ce Alhaji zamna ka sha ruwa tukuna. Na ɗaga kapo, na sa hannu ƙarƙashin tiyon da ke tasowa daga inji zuwa sarbo na ɗan lanƙwasa shi, sai ga tsaga ta buɗe baki, tsawonta bai hi farce ba, kuma ta ƙasa take inda ido ba ya kaiwa. Ɗan guntun tiyo ke nan ya ci mishi kuɗɗin sarbo da mai da kuɗɗin aiki, kuma duk kwanakin nan da iyalinshi yake yawo cikin motar. Wallahi abin ya ƙona min rai, shi ya sa na ce bari in rubuta yadda ake bin wagga matsala, daga abin da ba ya cin ko dala har zuwa mai tsada.

Abu na farko ka rarrabe ciwo biyu da mutane ke haɗawa. In feda ta yi laushi tana nutsewa har ƙasa, to wannan iska ce ta shiga cikin mai ko kuma akwai yoyo, shi ne ake ma purje. In kuwa feda ta tsaya sama ta ƙame, kana danna ta da iya ƙarhinka mota na ta jan jiki ba ta son tsayawa, wannan wani ciwo ne daban, ko gora goma ta mai ka zuba ba abin da zai canza. Galibi mai taimakon ƙafarka ne ya daina aiki.

Mai taimakon shi ne sarbo, wasu masu gyara na ce mishi mastabak. Shi ne baƙin ƙarhen nan mai kama da kwano biyu da anka kihe, manne da jikin mota gehen direba, bayan metir-silinda, wato pompin da ke tura man birki zuwa tayu, inda ɗan bidon na man birki yake. Cikinshi akwai faffaɗar roba kamar fatar ganga da ta raba shi ɗaki biyu. Inji na tsotse iskar ɗakunan duka. Kana taka feda sai wata 'yar ƙofa ta buɗe, iskar waje ta shiga ɗakin baya ta tura robar gaba, ƙarhin nan shi ke haɗuwa da na ƙafarka ya ninka shi. Ke nan sarbo da tsotso yake rayuwa, ba tsotso ba taimako. Motar esansi daga maƙogwaron injin kanshi take samun tsotson, ita kuwa ta gazwal injinta ba ya bada shi, sai anka yi mata pompi na musamman. Riƙe wannan bambancin, za mu dawo gare shi.

Kahin mu taɓa kile, in abin ya same ka bisa hanya, ka sani birkin bai mutu ba, taimakon ne kawai ya tahi. Danna da duk ƙarhinka, ka jingina baya da kujera ka tura, kar ka riƙa ɗagawa kana sakewa. Rage bitesi ɗaya bayan ɗaya, ka ja birkin hannu sannu sannu yatsanka bisa maɓallin don kar tayun baya su kulle. Kuma ina roƙon direbobinmu na Hiace da ke bin hanyar Keita da Buza, ku bar kashe inji a gangara don tattalin mai. Abin da ke ajiye cikin sarbo taku biyu ne ko uku, na huɗu dutsi za ka taka, ga mutum goma sha tara bayanka ga kaya bisa.

To mu fara. Mota a wuri mai daidai, birkin hannu a jaye, ka duƙa da tocila ka leƙa ƙarƙashin feda. Na sha hiddo gorar ruwa, takalmin yaro, tapi da ya naɗe ya cushe bayan feda. Kama fedar da hannu ka motsa ta, ya kamata ka ji ɗan wasa kaɗan kahin ta fara turawa, yawancin Toyota milimita 1 zuwa 6 ne. In tana ƙara ƙii ko ba ta dawowa da kanta, sandar da take lilo bisanta ce ta bushe da ƙura, wanke ta ka sa giris. Minti biyu ne wannan, wuce.

Yanzu gwajin sarbo, kuma ƙafarka kaɗai ce kayan aikin. Inji a kashe, taka feda sau biyar ko shida har ta ƙame ta tsaya sama. Ci gaba da danne ta, ba da ƙarhin tsiya ba, kamar dai za ka tsaya a danja, sannan ka tada inji ƙafarka na nan. In sarbo na da rai, inji na kamawa za ka ji fedar ta ɗan sulale ƙasa da kanta. In ko motsi ba ta yi ba, to ka kama ɓarawon, ko tsotso ba ya zuwa ko sarbon ba ya riƙewa.

In ta sulale kar ka yi murna tukuna. Bar injin shi yi minti ɗaya ko biyu, kashe shi, ka taka sannu sau uku. Na farko shi ya kamata shi hi nutsewa, na biyu bai kai na farko nutsewa ba, na uku ta fara ƙamewa. In tun takun farko ta ƙame, akwai inda iska ke sata ta shiga. Sai gwaji na ƙarshe, tada inji, danne feda, kashe inji ƙafarka na bisa, ka ƙirga sakan 30. In fedar ta fara turo ƙafarka sama, yoyon na cikin sarbon ne. Duk lokacin nan kashe radiyo da iska ka kasa kunne, wani sa'in za ka ji tsss ƙarƙashin tablo duk sanda ka taka, kuma a motar esansi ralanti, wato juyin inji ba a taka totur ba, na rawa ko inji shi nemi mutuwa da ka danna birki, don iskar banza na shiga mishi.

Sai tiyo, nan nake so ka daɗe, don nan ne mahi yawan matsalar take a ƙasarmu. Zahin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, ga zahin inji, ga motocinmu yawanci sun tsufa tun kahin su iso daga Kwatano ko Lome, roba ba ta da inda za ta sa kanta. Kallo ba ya isa, bi shi da yatsu daga wannan baki zuwa wancan, lanƙwasa shi, juya shi, ka hi maida hankali ga bakunan biyu inda kolye ke matsewa da kuma ƙasan gwiwa. In ya yi tauri kamar icce ko ya yi taɓo-taɓo da mai, ya gama aiki. Akwai kuma wanda waje lahiya lau amma cikinshi ya saɓule, in inji ya yi zahi sai shi manne shi toshe hanya, alamarshi da sahe birki lahiya, da rana ta take sai tauri. Kuma don Allah in za ka canza, nemi tiyon da anka yi don wannan aikin, mai kauri da zare a ciki. Na ga wanda anka sa ma tiyon ban ruwan garka, inji na tsotsa ya lotse kamar hanjin kaza.

Bisa hanyar tiyon akwai kilape, ɗan abu na roba mai tauri da ke barin iska ta bi hanya ɗaya tak, daga sarbo zuwa inji. Wasu motoci a jikin sarbo yake soke, wasu tsakiyar tiyo, wasu Toyota kuwa cikin tiyon anka ɓoye shi, shi ya sa in ka juya tiyon baki da baya birki ke ƙamewa nan take, duba akwai kibiya ko alama ta gehen inji. Gwajinshi ba wuya. Tada inji ka kashe, jira minti biyar, zare shi daga sarbo, ya kamata ka ji iska ta ruga ciki da ƙara. In shiru, ba a ajiye komi ba. Goge shi ka busa ta bakin da ke kallon sarbo, iska ta wuce, ka busa ta gehen inji, ta ƙi. In ta wuce duka biyu ko ta ƙi duka biyu, jefar da shi. Kar ka manta da zoben roba da yake zama ciki, shi ma shina tsagewa, kuma sau da yawa shi kaɗai ne laihin.

Tiyo lahiya, kilape lahiya, to tambaya ita ce tsotson na zuwa kuwa? Cire tiyo daga gehen sarbo, sa aparanti shi tada inji, ka ɗora babban yatsa a bakin. Ya kamata shi cafke yatsan har ka ji kana ɓamɓarowa. A motar esansi inji zai yi rawa ko shi mutu in bakin na buɗe, wannan daidai ne. Mai agogon awo zai ga kamar bar 0.6 zuwa 0.7 a ralanti in inji ya yi zahi kuma lahiyarshi ƙalau. In tsotson ba ƙarhi, duba ɗan bututun ƙarhe da tiyon ke shiga jikin inji ko baƙin dauɗa ya toshe shi, in ba haka ba injin ne da kanshi ke shan iska ta wani juwan, wato abin da ke toshe mahaɗar ƙarahunan inji, wannan kuma aikin inji ne, ba ruwan sarbo.

Masu gazwal ku matso. Hiace da Hilux tsofaffi masu inji 2L da 3L da 5L, pompin tsotsonsu a bayan altarnater yake ɗaure, sanda ɗaya ke juya su. Ma'ana in igiyar altarnater ta saki ko ta tsinke, hitilar batiri za ta kama kuma birki zai ƙame lokaci guda. Wani direban layin Abalak ya taɓa kirana da dare hankali tashe, ya ce maigida hitilar batiri ta kama kuma birki ya ƙi, abu biyu sun lalace min a daji. Na ce mishi abu ɗaya ne, ɗaga kapo ka duba igiya. Ya iske ta rataye. Pompin nan kuma da man inji yake aiki, akwai ɗan siririn tiyo da ke kai mishi mai da wani da ke maidawa, in na kaiwar ya toshe, fuka-fukan cikinshi sai su cinye, tsotso shi riƙa raguwa sannu sannu har direba shi saba bai ma lura ba. Alamarshi taku ɗaya lahiya, in ka sake takawa da sauri sai tauri, ka ɗan jira ta dawo. A wasu injinan pompin a jikin inji yake, haƙori ko sandar kam ke juya shi, amma gwajin yatsa ɗaya ne.

Sai in tsotso na isowa da ƙarhi har bakin sarbo amma gwajin ƙafa ya faɗi, sannan ne za ka ce sarbo ya mutu. Ko a nan ka tambayi mi ya kashe shi. Kwance goro biyun da ke riƙe da metir-silinda, ja shi gaba kaɗan a hankali kar ka lanƙwasa bututan ƙarhe, haska bayanshi. In ka ga danshin mai, ko fentin sarbo ya kumbura ya saɓule ta ƙasa, to metir-silinda ne ke yoyo cikin sarbo, man ya ci robar. Irin wagga mota man birkinta na raguwa ba ka ganin ɗigo ƙasa. In ka sa wani sarbo ba ka gyara wannan ba, shi ma hanyar da ɗan'uwanshi ya bi zai bi.

Ba na buɗe sarbo in yi mishi faci, kuma ba na ba kowa shawarar haka, akwai babban sifirin a ciki da ke iya ji ma mutum ciwo, kuma ran mutane ba a liƙa shi da gam. Canzawa ake yi. Ta ciki ƙarƙashin tablo za ka cire 'yar ƙusa da ke haɗa shi da feda, sannan goro huɗu. In na okaziyo za ka saya, tahi da tsohon ka jera su, faɗi ɗaya, ramukan goro ɗaya, kuma ka girgiza shi, in ka ji ruwa ciki ajiye musu abinsu.

Ga inda masu gyara da yawa ke faɗuwa. A gaban sarbo akwai 'yar sanda da ke tura metir-silinda, tsawonta sai ya yi daidai. In ta yi tsawo ko da kaɗan, tana toshe ramin da mai ke komawa bidon, sai ka tashi lahiya, bayan 'yan kilomita feda ta hau sama ta ƙame, mota ta yi nauyi, tayu su ɗau zahi har wari. In kana zargin haka, sassauta goro biyun nan na metir-silinda kaɗan lokacin da abin ya kama, in tayu sun saki nan take to sandar ce, a rage ta.

Yanzu a ce sarbo ya ci duk gwaji amma har yanzu mota ba ta tsayawa yadda ya kamata, sai mu sauka ga tayu. Yi 'yar tahiya, tsaya, kai bayan hannunka kusa da kowace janti ba tare da ka taɓa ba. Wadda ta hi 'yar'uwarta ta ɗaya gehen zahi tana riƙewa, wadda ta yi sanyi ƙalau ba ta aiki. Ɗaga motar, kuma ka san ƙasarmu rairayi ce, sa katako mai kauri ƙarƙashin kirik, ka tokare da abin tokara na ƙarhe, ka sa dutsi ga sauran tayu. Kirik kaɗai ba a ba shi amana.

Cire taya ka duba etiriye, wato ƙarhen da ke matse plaket bisa diski don taya ta tsaya. Ƙusoshi biyun da yake zamewa bisansu su ke fara kamewa, musamman bayan damina in an sha ratsa ruwan kwari, robarsu ta yage, ruwa da rairayi sun shiga sun yi tsatsa. Da hannu ya kamata su shiga su hita. Zare su, goge tsatsar, sa giris na birki wanda ba ya cin roba, giris ɗin baƙi na kardan kumbura robar yake yi ya ƙara kama su. Sannan pistan, tura shi baya da abin matsi, in ya ƙi ka buɗe ɗan bakin purje ka sake turawa. In ya tahi da sauƙi yanzu, pistan ba shi da laihi, tiyon roba da ke kawo mai ga tayar ne ya ruɓe ta ciki ya zama kamar kilape, a canza shi, kuma hagu da dama tare. In ko da bakin a buɗe ya ƙi, pistan ya yi tsatsa, sai a hidda shi a canza robobi, in jikinshi ya yi rami-rami a canza shi gaba ɗaya.

Duba plaket ɗin da kyau a hasken rana. In huskarshi na ƙyalli kamar madubi ya ƙone, zamewa kawai yake bisa diski, feda da tauri amma ba cizo. Haka in mai ko giris ya taɓa shi. Haka kuma plaket na arha da ke cika kasuwa, wani kamar an gasa shi da siminti, ranar da anka sa shi ranar birki ke lalacewa, ya kuma cinye diski. In naman da ya rage bai hi milimita 3 ba kar ka tsaya gogewa, canza duka gehe biyu. Baya in tambur ne buɗe ka duba ko ƙaramin silinda ya kame ko man aksil ya jiƙa takalman birkin. Ƙurar ciki kar ka busa ta da baki ko kwampuresa, ba ta da kyau ga huhu, wanke ta ake yi.

Saura mai. Buɗe bidon ka duba robar murhin, in ta kumbura ta yi girma ta ƙi komawa mazauninta, wani ya zuba abin da ba shi ba, man inji ko jan man bolan. Irin wannan man na kumbura duk wata roba ta birki, pistan su kame, ramuka su toshe, kuma wanki kaɗai ba ya gyarawa, sai an canza duk robobin da tiyoyin. Ruwan sabulu da wasu ke zubawa a daji don su iso gari, in an iso a zubda shi ranar, tsatsa yake shukawa ko'ina. Abin da anka rubuta bisa murhi shi za ka saya, DOT 3 ko DOT 4, gora a ruhe ba ta awo ba. DOT 4 sabo sai digiri 230 yake tafasa, DOT 3 kuwa 205, amma dukansu suna shan danshi suna lalacewa, shi ya sa ake canzawa duk shekara 2. DOT 5 ba ya haɗuwa da su sam. In ka buɗe wani bututu dole purje, galibi daga tayar da ta hi nisa da metir-silinda ake farawa, wato ta baya gehen dama, kuma kar bidon shi ƙahe kana cikin yi.

Wani abu da ke ruɗa mutane, masu ABS, wato na'urar da ke hana tayu kullewa, in sun taka da ƙarhi bisa rairayi ko tsakuwa sai feda ta yi tauri tana karkarwa da ƙara, wannan aikinta take yi, ci gaba da dannewa. Sannan Prius da wasu manyan Land Cruiser da Prado ba su da kwanon sarbo ma, pompin lantarki ne ke tara musu ƙarhi, za ka ji shi shina gurnani in ka buɗe kontak. In irin wagga ta ƙame da jar hitila da ƙara, duba fizibil da batiri, in ba su ba ne kai ta ga mai na'urar bincike, kar ka kwance bututu ko ɗaya, man cikinsu a matse yake da ƙarhin gaske.

In ka gama haɗawa, kahin mota ta motsa ko taku ɗaya, taka feda sau da yawa har ta cika, don pistan da ka tura baya sai ya dawo ya taɓa plaket, takun farko wofi ne. Maimaita gwajin nan uku na ƙafa. Sannan ka nemi hili inda ba yara ba dabbobi, ka fara da kilomita 20 a awa, ka tsaya, ka hau 40, ka lura ko tana ja gehe ɗaya, sai ka sake jin zahin jantuna huɗun. Haka munka yi da Alhaji bayan mun sa mishi tiyo da kolye biyu sababbi, na zamna gehenshi munka hita bayan gari wajen hanyar Ƙonni, ya taka yadda ya saba dannawa da ƙarhi kwanakin nan, motar ta cije har hularshi ta faɗo bisa tablo. Tsohon sarbonshi da anka cire shina but, na gwada shi da tiyon inji, lahiyarshi lau.